Lungun Bayan Ɗakina

Shekara talatin da huɗu ke nan da aka kawo ni gidan nan na Birni, kuma duk tsawon zaman ban taɓa ɗaga murya da mutanen gidan da ke bayanmu ba sai da ɓera ya shiga tsakani. Ba zan kama sunan kowa ba. Maƙwabcin nawa Alhaji muke ce masa, a nan ma Alhaji zan ce. Shi kuwa tun ina amarya "matar Malam" yake kirana, har bayan Malam ya rasu a 2019, Allah ya jiƙansa, bai sake mini suna ba.

Wanda bai san Birni ba, bari in ɗan kwatanta masa. Nan ce tsohuwar Damagaram, inda fadar Sarki take. Gidaje a cushe suke a gindin manyan duwatsu, akasarinsu ginin ƙasa ne na kaka da kakanni. Akwai waɗanda harsashinsu ya ga zamanin Sarki Tanimu da ya kewaye garin da ganuwa, ya ga zuwan Faransawa, ya ga lokacin da Damagaram ce babban birnin Nijar kafin a koma Yamai a 1926. Irin waɗannan gidaje da yawansu ba su da takarda. Iyakar gida tana bakin tsofaffi, in tsofaffin suka ƙare sai a koma ga wanda ya fi ƙarfin murya.

Gidanmu da na su Alhaji sun ba juna baya ne. Tsakaninsu akwai wani siririn lungu, in ka ware hannuwa sai ka taɓa wannan bango ka taɓa wancan. Ba ya ɓullewa ko'ina. Indararon ɗakina da na ɗakunansu duk nan suke zuba, ruwan ya gangara ya fita titi. Lokacin da Malam ke raye, bazara ba ta ƙarewa sai ya kira magini ya shiga lungun nan da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya yaɓe mana bango, ya share hanyar ruwa. Ba a neman izinin kowa, don ba wanda ya taɓa tunanin akwai izini a ciki. Ginin ƙasa haka yake, kullum yana son hannu. Ka yi masa sakaci damina biyu, ta uku zai nuna maka.

Da mahaifin Alhaji ya rasu, gidan ya zama na gado, ba a raba ba. 'Yan'uwa suka watse, wasu Yamai, wasu Kano. Alhaji ya gina na siminti can wajen hanyar Tanut ya kwashe iyalinsa, tsohon gidan kuma ya mai da shi mangaza, wato wurin ajiyar kaya, don cinikin hatsi yake yi a Kasuwar Dole. A 2021 ya sa aka kafa ƙofar kwano a bakin lungun, aka ɗana mata kwaɗo. Tsakani da Allah, ranar har daɗi na ji. Samari sun mai da wurin mashaya, hayaƙinsu a tagata yake kwana, ga masu fitsari. Ban tuna da yaɓe ba sam. Daminar farko ba ni da kuɗin magini, na yi shiru. Ta biyu na aika a karɓo makulli, aka ce Alhaji ya tafi Magarya sayen kaya, kafin ya dawo ruwa ya sauka.

Sai ga 2023. Aka yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa mana takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarki. Mu mutanen Damagaram da kusan komai namu daga Kano yake shigowa, mun ji a jikinmu. Abinci ya yi tsada, duk mai hali ya san abin da zai ajiye. Kaka na yi Alhaji ya cika gidan nan maƙil, gero da dawa da wake, har tsakar gida aka jera buhuna aka lulluɓe da tamfol. Ban zarge shi ba, sana'arsa ce. Amma ba a yi wata biyu ba barci ya ƙaurace mana.

Ɓera dai kowane gida akwai, mu ma ba baƙonmu ba ne. Wannan kuwa runduna ce. Da an kashe tocila sai ka ji su bisa azara suna tsere, ƙasa tana zubowa kan gidan sauro kamar ana tankaɗe. Suka cinye sabulu. Suka huda tabarma. Suka shiga akwatin da nake ajiye takardu, suka gutsure gefen littafin fanshona daidai inda lambar take, na yi wata guda ina zirga-zirga kafin a gyara mini. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na jikata, yarinya 'yar shekara huɗu da ke kwana a bayana. Da asuba na haska ta zan gyara mata mayafi, sai na ga jini a zanen gado. An ɓare mata fatar diddige, zagaye, kamar an sa reza. Ba ta ko farka ba. Mutane na cewa ɓera yana cizo yana hurawa, shi ya sa ba a ji. Ko yana hurawa ko ba ya hurawa, ni dai ranar na goya ta zuwa asibitin unguwa jikina na rawa, don a lokacin rediyo ba ya rabo da maganar zazzaɓin Lasa a Nijeriya, wanda aka ce daga fitsari da kashin ɓera ake ɗauka.

A nan dole in faɗi abin da a lokacin ba na son ji. Tun da na yi ritaya daga koyarwa, gyaɗa nake yi. In soya, in kai inji, in matse mai, in toya ƙuli-ƙuli. Kullum akwai buhu biyu ko uku a ɗakin baya, a ƙasa, jingine da bangon nan na lungu. Tunkuza kan kwana a roba, an rufe ta da faifai kawai. Duk wannan a idona ba komai ba ne, tunda na shekara biyar ina yi ɓera bai hana ni barci ba.

Na fara da aike. Na tura autana, aka ce a dawo. Na je da kaina wurin Hajiyarsa, wadda tare muka yi goyo, ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta dama mini fura, ta ce in sha Allahu za ta faɗa masa. Shiru. Ran nan da hunturu, da sassafe, na ji mota ta tsaya ana sauke kaya, na yafa mayafi na zagaya.

Muka gaisa yadda aka saba, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi. Ya ce, "Matar Malam, lafiya dai?"

Na ce, "Lafiya lau, Alhaji, sai alheri. Ɓeraye ne suka hana mu sakat. Makullin lungu nake roƙo, yini ɗaya tak, magini ya shiga ya toshe ramuka ya yaɓe mini bango."

Ya gyara tsayuwa ya ce, "To, wa ya ce miki daga gidana suke fitowa? Ko kin ga tambarina a bayansu?"

'Yan dako suka kwashe da dariya. Ya ƙara da cewa, "In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙanshin ƙulinki tun daga bakin titi ake jin sa."

Na koyar da yara shekara talatin, cikin masu dariyar nan har da wanda na koya wa riƙe alli. Ban ce uffan ba, na juya. Maganarsa ba ta ƙona ni kamar dariyar ba. Daga ranar na daina neman maganin ɓera, na koma neman yadda zan nuna wa Alhaji.

Ran wata Alhamis na shiga Kasuwar Dole na tarar da mai tallar magani da 'yar lasifikarsa, ya jera busassun ɓeraye a igiya don shaida. Na sayi ƙulli biyar, kowane dala ashirin. Wani baƙin gari ne kamar toka, mai warin tafarnuwa. Na cuɗa shi da abinci, har da kan busasshen kifi don ya ja su. Da a ɗakina kaɗai na sa, da da sauƙi. Sai na bi ta kafar da ruwan wankinmu ke fita, na tura ragowar cikin lungun da sanda, ina cewa a raina tunda an hana ni shiga, saƙona zai shiga.

Ɓeraye sun mutu, ba ƙarya. Amma a cikin bango suka mutu, inda hannu ba ya kai. Azumi ya kama, zafin Maris ya sauka, ɗakina ya koma ba ya shiguwa. Muka yi buɗa-baki sati biyu a tsakar gida da turaren wuta, ƙudaje kore shar suna bin bango. Kwana uku da sa maganin kuma aka tsinci kyanwar mai gadin Alhaji a bakin ƙofar kwanon nan ta sandare. Mai gadin dattijo ne, ba shi da kowa a garin, kyanwar nan ita ce abokiyar hirarsa, da ita yake raba tuwonsa. Ashe ita kaɗai ke aiki a gidan, kullum sai ta kama biyu ko uku. Da hannuna na kashe ta. Dattijon bai zo ya yi mini faɗa ba. Ya dai daina amsa gaisuwata da baki, sai ya ɗaga hannu.

Bayan ƙaramar salla autana ya ƙara wa wutar fetur. Yaro ne ɗan shekara goma sha tara, kabu-kabu yake yi, zuciya a kusa. Bai shawarce ni ba. Cikin dare ya kafa tsani ya haura ta kan ɗakina ya dira cikin lungun da bokitin ƙasa, wai zai toshe ramuka. Mai gadi ya ji motsi ya kwarma ihun ɓarawo. Kafin in lalubo takalmina unguwa ta cika, samari da sanduna. Allah ya sa wani ya haska fuskarsa ya gane shi, da wani labarin nake bayarwa yau. Gari na wayewa Alhaji ya ce sai komisariya, an haura masa gida ga dukiya a ciki. Muka je. Ɗan sandan da ya saurare mu ya dube ni ya dube shi ya ce ba a ɗauki komai ba, wannan maganar maƙwabtaka ce, a kai wa mai unguwa. A Nijar doka ma ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta irin wannan. In ta gagari mai unguwa a wuce fada, in ta gagara can sannan kotu.

Aka zauna a zauren mai unguwa bayan la'asar. Maza a tabarma, ni daga bakin ƙofa ta ciki tare da ƙanin Malam da ya zo a matsayin waliyyin yara. Na faɗi nawa, Alhaji ya faɗi nasa. Liman ne ya fara magana, ya kawo wani labari daga Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ban taɓa ji ba sai ranar. Wani sahabi, Dahhaku ɗan Halifa, ya so ya jawo ruwa zuwa gonarsa ta cikin filin Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Magana ta kai ga Sayyidina Umar. Ya tambaye shi don me zai hana ɗan'uwansa abin da zai amfane shi, alhali shi ma zai sha, kuma ba ya cutar da shi. Mutumin ya kafe. Umar ya rantse cewa ruwan nan sai ya wuce ko da ta kan cikinsa ne. Ina jin haka na gyara zama, na ce yau Alhaji ya gamu da gamonsa. Ban gama murna ba Liman ya juyo kaina. Ya ce babu cuta babu cutarwa, dokar ba ta mutum ɗaya ba ce. Wanda ya tura guba inda ba ya gani, da yaro ne ya ɗauka fa? Wanda ya haura katanga cikin dare, da an kashe shi, jininsa a wuyan wa? Na sunkuyar da kai.

Mai unguwa dattijo ne mai wayo. Ya bari kowa ya huce, sannan ya ce, "Alhaji, ruwa ba ya tsami banza. Makulli na yini ɗaya ba abin da za a kai mutum komisariya ba ne. Mene ne a ƙasa?"

Alhaji ya daɗe yana murza carbi kafin ya buɗe baki. Ashe ƙaninsa na Yamai ya matsa a sayar da gidan a raba gado. Har an kawo mai saye ya auna, ya ce sai in da lungun a ciki, don yana son ya rushe ya fitar da shaguna. 'Yan'uwa kuma sun riga sun fara zargin Alhaji da cin gidan shi kaɗai. In aka ga makulli a hannuna, ko aka ga maginina yana shiga yana fita, za su ce ya ba da haƙƙin marayu. Ya ce kuma bai manta ba, Malam ya taɓa ce masa rabin lungun namu ne. Na tuna ranar. Wasa suke yi suna shan shayi, a kan wanda zai biya yaron da ya share wurin. Maganar da aka yi ana dariya shekara ashirin da suka wuce, ita mutumin nan ya riƙe. Duk watannin nan ni ina ganin ɓera, shi yana ganin fili.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban nemi ko taku ɗaya ba. Bangona nake so kada ya faɗo mana."

Mai unguwa ya ce ba za a yanke ba sai an ji daga bakin wanda ya sani. Akwai gwaggon Alhaji, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa tukuf, idonta ya tafi amma hankalinta garau. Aka tashi mutum uku suka same ta a Zongo inda take zaune wurin 'yarta. Suka dawo da magana ɗaya. Ta ce hanyar ruwa ce. Kakan Alhaji da kakan Malam kowa ya ja da baya kamu ɗaya lokacin gini don ruwa ya sami wurin wucewa, ba na wannan ba ne, ba na wancan ba. Ta ce a gaya wa Alhaji in ya sayar da lungun to ya sayar da damina ma.

Aka yanke cewa ƙofa za ta zauna saboda 'yan shaye-shaye, amma makulli zai koma hannun mai unguwa, duk mai bukata cikinmu ya je ya karɓa. Na ba mai gadi haƙuri gaban mutane, na miƙa masa jaka biyu, ya ƙi karɓa. Aka yi fatiha aka tashi. Na koma gida ina cewa an gama.

Makulli bai zo ba. Sati na farko aka ce an manta. Na biyu aka ce Alhaji na shirin aikin hajji. Ya tafi Makka a watan Yuni, ɗansa ya ce bai san inda aka ajiye ba. Ya dawo, gida ya cika da 'yan barka da sauka, ba dama a tayar da magana. Daga baya ya ce yana jiran ƙanin nan na Yamai ya amince. Autana ya ce guduma ɗaya ta isa kwaɗon, na hana shi. Na koma wurin mai unguwa sau uku, kullum sai ya ce, "Malama, a ƙara haƙuri." Kowa ya san buhun zakkar Alhaji na sauka a ƙofar gidansa duk shekara. Ban ce shi ya sa ba, na dai faɗi abin da kowa ya sani.

Cikin wannan jira ne wani tsohon ɗalibina da ke aiki a ma'aikatar noma, sashen kare amfanin gona, ya zo gaishe ni. Na zayyana masa komai ina jiran ya taya ni zagin Alhaji. Sai ya ce in nuna masa ɗakin baya. Ya ja buhun gyaɗa gefe, ga rami a gindin bango, bakinsa sumul don yawan bi, ga ɓawon gyaɗa tuli. Ya ce, "Madam, guba ba ta ƙare ɓera in dai akwai abinci. Cikin macen ɓera sati uku ne, ta haifi shida, takwas, har fiye, 'ya'yan kuma wata biyu zuwa uku su ma sun fara haihuwa. Kin kashe hamsin, kin dai rage wa sauran masu cin tuwo." Ya ce haƙoransu ba sa daina tsiro, shi ya sa suke gurgurar ko da abin da ba a ci, kuma toshe rami da ƙasa zalla aikin banza ne, kwana ɗaya za su buɗe. Ya ja mini kunne sosai kan ƙwayar nan da 'yan kasuwa ke sa wa a buhun wake, mai fitar da iska, ya ce kada in kuskura in sa ta a ramin ɗakin da ake kwana, ta sha kashe mutane cikin barci. Har jaɓar da nake sa yara su kashe ya ce in bari, ba hatsi take ci ba, ƙwari take bi, warinta ne kawai laifinta.

Na sayi gangunan ƙarfe biyu masu murfi na juye gyaɗa. Tunkuza ta daina kwana a roba. Na sa tarko a bin bango. Cikin sati uku gudun da ake yi bisa azara ya ragu, ba ƙarewa ba, amma ya ragu yadda har na ji haushi, don kowane dare mai shiru yana tuna mini karin maganar da Alhaji ya jefe ni da ita gaban 'yan dako.

Daminar 2024 kuwa duk wanda ke Nijar ya san yadda ta kasance. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, gidaje na faɗuwa ko'ina. Cikin Agusta bangon ɗakina ya fara jiƙa daga ƙasa, danshi ya hau har gwiwa. Wata safiya na ga tsaga ta taso daga gindi ta nufi taga, ina iya zura yatsa. In aka yi ruwa ina jin indararo na zuba a lungun amma ba na jin ruwan na fita titi. Na kwashe gado da jikata muka koma zaure. Ranar Talata 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Masallacin da kakannin kakanninmu suka yi salla a ciki. Mutane suka yi cirko-cirko suna kallon tarin ƙasa, wasu tsofaffi na kuka, kowa kuma a ransa yana lissafin nasa bangon.

Washegari ko karyawa ban yi ba aka yi sallama. Alhaji ne da kansa, ba ɗan aike ba, rigarsa duk taɓo. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Matar Malam, kira magininki." Makullin na hannunsa.

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa man gyaɗata kafin ya buɗe. Da aka ja ƙofar, wari ne ya fara fitowa, sannan ruwa, baƙi ƙirin, ya malalo kan ƙafafunmu. Shekara uku ba a share wurin ba. Leda da ƙaiƙayi da yagaggun buhuna da iska ta kwaso sun toshe hanyar ruwa, lungun ya zama tafki, bangaye biyu suna tsaye a ciki. Bokitin autana na nan kife inda ya yar da shi. Gindin bangon Alhaji ya zama kamar rariya, rami kusa da rami, har da wani babba na gafiya da ƙafar yaro za ta shige. Ta nan ruwa ya bi ya shiga mangaza. Buhunan da ke ƙasa sun jiƙe, geron ya tsiro ta jikin buhu, fari fat, wasu sun yi baƙi sun dunƙule. A daren ya gano, shi ya sa ya zo.

Magini ya sa cebur a gindin nawa bangon, ƙasa ta rufta, sai ga sheƙa. An shimfiɗa ta da tsumma da yagaggiyar takarda, jarirai tara jajaye ba gashi suna motsi, kewaye da su ɓawon gyaɗa ne gauraye da tsabar gero. Na gane tsumman, gefen tsohon zanena ne. Alhaji ya leƙa, ni ma na leƙa. Ba wanda ya ce da wani komai. Magini ne kawai ya yi dariya ya ce waɗannan sun ci gida biyu.

Kwana huɗu ana aiki. Aka kwashe shara kwando-kwando, aka buɗe hanyar ruwa, aka cusa duwatsu da fasassun kwalabe a ramuka aka bi da siminti, aka tokare bangona da itace sai ruwa ya ɗauke a sāke ɗaga shi. Alhaji ya sa aka ɗora sauran buhunansa kan katako, aka janye su daga jikin bango. Wurin biya ma sai da aka ɗan ja. Ya ce shi zai sayi siminti, ni in biya magini. Na lissafa na ga nawa ya fi yawa, na buɗe baki zan yi magana, ƙanin Malam ya harare ni, na haɗiye. Bayan damina na sayar da tunkiyata biyu aka rushe rabin bangon aka sāke shi.

Maganar sayar da gidan har yau ba ta mutu ba, ƙanin na Yamai yana nan kan bakansa, kuma gwaggon da ta ba da shaida ta rasu. Na roƙi mai unguwa a rubuta abin da ta faɗa a sa hannu, da ni da Alhaji da Liman da mutum ukun da suka je wurinta. An rubuta. Tawa takardar tana cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, tare da littafin fansho.

Ni da Alhaji muna gaisawa. Hajiyarsa ta zo sunan jikana, ta zauna kaɗan ta tafi, ba kamar da ba da sai an yi magariba. Makulli na rataye a ƙusa a zauren mai unguwa, na karɓo shi da bazarar nan ba wanda ya tambaye ni dalili. Mai gadi kuwa sai da na samo 'yar kyanwa wurin wata ƙawata a Garin Malam, na sa jikata ta kai masa a kwali. Bai aiko da godiya ba. Bayan kwana biyu na zagaya zan wuce, na gan shi zaune bakin ƙofa yana tsoma yatsa a madara yana ba ta. Na ce, "Baba, ina kwana?" Ya ce, "Lafiya lau, Malama. Ba ta cin tuwo tukuna."